Jiri da Suma Idan An Miƙe Tsaye: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai mutanen da lafiyarsu ƙalau muddin suna kwance ko zaune, amma da zarar sun miƙe sai ido ya yi duhu, kunne ya ɗauki ƙara, gaba ya hau faɗuwa, wani ma sai dai a ɗauke shi a ƙasa. Da yawansu sun je asibiti, an ɗaura musu abin awo suna zaune, an ce babu komai. Ga tambayoyin da masu wannan larura da iyalansu suka fi yi.

Me ya haɗa miƙewa tsaye da ciwon jijiyoyi?

Duk lokacin da mutum ya tashi daga kwance, nauyi kan janyo jinin da ya kai rabin lita zuwa lita ɗaya ya gangara ciki da cinyoyi da ƙafafu. Da jiki zai ƙyale haka, da ƙwaƙwalwa ta rasa jini kowa ya faɗi. Abin da ke hana faruwar hakan shi ne jijiyoyi masu aiki da kansu, waɗanda ba sa jiran umarnin mutum. Su ne ke tafiyar da bugun zuciya da gumi da narkar da abinci da riƙe fitsari. A jikin manyan hanyoyin jini na wuya da wadda ta fito daga zuciya akwai wasu 'yan wurare masu jin matsin jini. Da ya ragu sai su kai saƙo ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sa hanyoyin jini su tsuke, zuciya ta ƙara bugu 10 zuwa 20 a minti ɗaya. Cikin 'yan daƙiƙoƙi an gama, mutum bai ma san an yi ba.

Idan wannan saƙo ya makara, ko ya yi rauni, ko ya wuce gona da iri, ko kuma jinin da ruwan da ke jiki ba su isa ba tun farko, a nan ne matsala take fitowa.

To duk ciwo ɗaya ne?

A'a, kuma raba su yana da muhimmanci, don maganin wani cuta ne ga wani.

Na farko shi ne faɗuwar jini a tsaye. Likitoci suna cewa an same shi idan lambar sama ta awon jini ta sauka da 20 ko fiye, ko ta ƙasa ta sauka da 10 ko fiye, cikin minti 3 da miƙewa. An fi ganinsa ga tsofaffi, masu ciwon sukari da ya daɗe, masu cutar karkarwa ta Parkinson, da masu shan wasu magunguna. Ban da jiri, wasu suna kukan ciwon ƙeya da kafaɗu da ke zuwa a tsaye ya tafi a kwance.

Na biyu shi ne wanda ake kira POTS. A nan jini ba ya faɗuwa, zuciya ce take gudu: bugunta ya ƙaru da 30 ko fiye a minti cikin minti 10 na tsayuwa, ko 40 ga 'yan shekara 12 zuwa 19, kuma abin ya kai aƙalla wata 3 yana damun mutum. Likitoci biyu na asibitin Mayo a Amurka, Schondorf da Low, su suka fayyace shi da wannan suna a 1993. Mafi yawan masu shi mata ne, daga 'yan mata zuwa masu shekara 50. Yakan biyo bayan zazzaɓi mai tsanani, tiyata, ciki, ko doguwar jinya a gado, kuma bayan korona an ga ƙaruwarsa sosai. Masu shi suna fama da kasala, rawar jiki, rikicewar tunani, wani lokaci ƙafafu su yi duhu idan an daɗe a tsaye. Ba lallai ne su suma ba.

Na uku shi ne suman da aka fi sani, wato suman tsayuwa, wanda kan kama lafiyayyen mutum a layi, cikin zafi da cunkoso, ko da ganin jini ko allura. Nan jijiyoyin ne suke yin akasin abin da ya kamata: hanyoyin jini su saki, zuciya ta rage gudu. Yakan yi sallama kafin ya zo, da gumi mai sanyi, tashin zuciya, hamma da dishi-dishin gani.

Wanda kuma yake jin ɗaki na juyawa da shi ko yana kwance, musamman in ya juya kai a kan matashi, nasa ya fi kama da matsalar cikin kunne, ba wannan ba.

An auna ni an ce jinina daidai yake. Me ya sa har yanzu nake ganin jiri?

Saboda an auna ka a inda ciwon ba ya nan. Awo ɗaya a kan kujera ba zai taɓa nuna ciwon tsayuwa ba. Abin takaici shi ne gwajin da ke fito da shi ba ya buƙatar komai sai na'urar awon jini da agogo da minti goma sha biyar, amma a cunkoson asibiti minti goma sha biyar ɗin ne ke wuya. Ka roƙa a yi maka, ko ka yi a gida.

Ga yadda ake yi. A zaɓi safiya, kafin karin kumallo, don lokacin ne abin ya fi bayyana. Ka kwanta rigingine minti 5 zuwa 10 babu surutu babu waya. A auna jini da bugun zuciya, a rubuta. Sai ka miƙe, ka tsaya cak, kada ka riƙa taka ƙafa ko motsa yatsu. A sake aunawa bayan minti 1, da minti 3, da minti 5, da minti 10, hannun da aka ɗaura wa abin awon yana tallafe daidai ƙirji. Idan tsayuwar na wuya, ka jingina kafaɗu da bango, dugadugai su ɗan matso gaba kamar taƙi ɗaya. Kusa da kowace lamba a rubuta abin da ka ji: "ido ya yi duhu", "gumi", "babu komai". Lallai ne wani ya tsaya kusa, katifa ko tabarma na gefe, kuma da ka ji za ka tafi, a tsayar da gwajin ka kwanta. Ba jarrabawar jarumta ba ce.

A maimaita kwana da yawa, don rana ɗaya tana iya yin ƙarya. Wannan takarda idan ka ajiye ta gaban likita ta fi dogon bayani amfani.

Yaya zan karanta lambobin?

Misali, a kwance 130/80 da bugu 70, a minti 3 kuma 100/65. Lambar sama ta sauka da 30, wato faɗuwar jini a tsaye ce. Sai a duba zuciya. Idan bugun ya haura zuwa 95 ko 100, jijiyoyin na aiki, suna ƙoƙarin cike giɓi, don haka a nemi dalili a rashin ruwa, zubar jini ko magani. Idan kuwa jini ya faɗi haka amma bugun bai ƙaru da ko 15 ba, ana zargin jijiyoyin ne da kansu suka lalace, sai dai in mutum yana shan maganin da ke rage gudun zuciya irin su atenolol ko propranolol.

Wani misalin: a kwance 110/70 da bugu 75, a minti 10 kuma 112/78 da bugu 118. Jini na nan, zuciya ta ƙara 43. Wannan hoton POTS ne, amma ba a yanke hukunci sai an tabbatar babu zazzaɓi, babu ƙarancin jini, babu ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu.

Ba ƙarancin jini ba ne kawai? A kemis an ba ni maganin ƙarin jini.

Yana iya zama shi, musamman ga mace mai yawan zubar jinin al'ada, mai ciki, ko wanda maleriya ta sha kayarwa. Amma gwajin PCV, wato awon yawan jini, shi ne zai faɗa, ba kallon ido ba. Jini na iya zama cike fal a jiki, matsinsa ne ke faɗuwa. Shan maganin ƙarin jini wata da watanni ba tare da gwaji ba asarar kuɗi ce.

Wane ne babban mai laifi?

Ga tsofaffi, magani. Kafin a je ga gwaje-gwaje masu tsada, a zazzage ledar magungunan Baba a kan tebur. Methyldopa da aka fi sani da Aldomet, magungunan sa fitsari irin su furosemide, tamsulosin da doxazosin da ake ba maza masu wahalar fitsari, amitriptyline da ake sha don barci ko raɗaɗin ƙafa, levodopa na masu karkarwa, chlorpromazine, duk suna iya jawo shi. Haka maganin ƙarfin maza mai sildenafil, wanda haɗa shi da maganin ciwon ƙirji na nitrate yana iya kashewa. An sha gano wannan sinadari a cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan na gargajiya, don haka a faɗa wa likita su ma, kunya ba ta da wuri a nan. Kada dai kowa ya yanke maganinsa da kansa. Sau da yawa canza iri ko canza lokacin sha ya isa.

Bayan magani sai rashin ruwa: gudawa, amai, zazzaɓi, zafin bazara. Sai ciwon sukari da ya cinye jijiyoyi, wanda yakan zo tare da tafin ƙafa mai zafi ko mutuwa, saurin ƙoshi, da raunin mazakuta. Rashin bitamin B12, shan giya da cutar ƙanjamau ma suna taɓa waɗannan jijiyoyi.

Wane gwaji ake yi a asibiti?

ECG na zuciya, awon yawan jini, sukari, gishirin jiki da aikin ƙoda, maƙoƙo, gwajin ciki ga macen da ke shekarun haihuwa. Idan ana zargin zuciya a ƙara da hotonta ko na'urar da ake ratayawa kwana ɗaya tana naɗar bugu. Akwai kuma gadon gwaji da ake ɗaure mutum a kai a karkata shi digiri 60 zuwa 70 ana bin jini da bugu. Ba kowane asibiti ke da shi ba, kuma mafi yawan mutane ba sa buƙatarsa idan an yi gwajin tsayuwa da kyau. Likitocin zuciya da na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi su ne masu wannan fanni, ana samunsu a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri, da babban asibitin ƙasa na Yamai.

'Yata takan faɗi a wurin taron safe a makaranta. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce farfaɗiya.

Ki tambayi waɗanda suka gani. Tana tsaye ne, ta daɗe a rana? Ta fita ba ta karya ba? Ta ce tana jin jiri kafin ta faɗi? Da aka kwantar da ita ta farka cikin minti ɗaya ta gane mutane? Idan amsoshin e ne, suman tsayuwa ya fi kusa. Kada 'yar fizge-fizgen hannu ta ruɗe ki, mai suma ma yakan yi ta na 'yan daƙiƙoƙi. Farfaɗiya takan zo a kowane hali, ko a kwance, jijjigar ta fi tsawo, a ciji gefen harshe, sannan a daɗe cikin ruɗewa da barci bayan an farfaɗo.

Addu'a ba ta hana awo. A yi mata addu'a, a kuma kwantar da ita a auna ta, a gwada jininta. Yarinya da yawa an ɗora mata sunan mai aljanu alhali jinin al'ada ne ya rage mata jini, ga fita babu karin kumallo.

Idan mutum ya faɗi a gabana me zan yi?

Bar shi a kwance, ka ɗaga ƙafafunsa sama da ƙirji, ka sassauta abin wuya, a ba shi iska. Babban kuskuren da ake yi shi ne a tallabo shi a zaunar, wanda ke sake hana ƙwaƙwalwa jini. Kada a ɗura masa ruwa ko madara yana sume, zai shaƙe. Kada a cusa cokali a baki. In yana amai a juya shi gefe. Idan ya farka ya ƙara minti 10 zuwa 15 a kwance, ya sha ruwa, sannan ya tashi a hankali.

Yaushe abin ya wuce na gida?

A tafi asibiti nan take idan mutum ya suma yana tsakiyar gudu ko aikin ƙarfi, ko yana kwance. Idan akwai ciwon ƙirji ko haki. Idan babu wata alama kafin faɗuwar. Idan a danginsu an taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi. Idan bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta ko an yi aman jini. Idan mace ta yi ɓatan wata ga ciwon mara, don cikin da ya zauna a wajen mahaifa yakan fara da haka. Idan baki ya karkace ko ɓari ɗaya ya mutu. Ko idan an wuce minti biyu bai farka ba.

Da gaske ruwa da gishiri magani ne?

Su ne tushen magani ga mai POTS da mai faɗuwar jini wanda zuciyarsa da ƙodarsa lafiya lau. Ana so ya sha lita 2 zuwa 3 a rana, wato ledar fiyawata 4 zuwa 6, fiye da haka a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Gishiri kuma likita kan kai shi giram 6 zuwa 10 a rana, har da wanda ke cikin miya. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya kusan giram 5 zuwa 6 ne. Ruwa ba gishiri ba ya daɗewa a jiki, yawancinsa fitsari yake zama. Ruwan gishiri da sukari na ORS yana taimakawa a ranakun zafi.

Akwai wata dabara da aka tabbatar ga masu lalacewar jijiyoyi: shanye rabin lita na ruwa a tashi ɗaya, cikin 'yan mintuna. Yakan ɗaga jini cikin minti 5 zuwa 10, ya riƙe shi kusan awa ɗaya. A ajiye leda ɗaya kusa da gado, a shanye kafin a sauko da asuba.

Amma ina da hawan jini. Ni ma in ƙara gishiri?

A'a, sai da izinin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada lafiyayyen babba ya wuce giram 5 a rana, kuma yawancinmu da dunƙulen ɗanɗano mun riga mun wuce. Mai hawan jini, ciwon ƙoda, ciwon zuciya, kumburin ƙafa ko juna biyu bai shiga wannan shawara ba. Mai jego ma ta yi hattara. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka zargi kunun kanwa da zafin wankan jego da taimaka masa. Maijegon da ke jiri da haki da kumburi tana buƙatar a duba zuciyarta, ba ƙarin kanwa ba.

Abin da ya fi wahalar sha'ani shi ne mutum ɗaya ya haɗa biyun: a kwance 170, a tsaye 95. Kusan rabin masu lalacewar jijiyoyi haka suke. Irinsu ba a neman kyakkyawar lamba, ana neman ya iya tsayawa ya yi alwala ya je masallaci bai faɗi ba, jinin dare kuma bai yi mugun hawa ba. Su guji kwanciya rigingine da rana, su kishingiɗa.

Waɗanne dabaru ne na yau da kullum?

Tashi mataki-mataki: zauna bakin gado minti ɗaya ko biyu, motsa ƙafafu, sannan ka miƙe. Wuri mafi haɗari shi ne banɗaki da dare, an taso daga barci, an tsuguna an yi fitsari, an miƙe zumbur. A kafa ƙarfe ko igiya mai ƙwari a bango, tsoho kuma a ajiye masa abin fitsari a ɗaki. Idan jiri ya taso kana tsaye, harɗe ƙafafu ka matse cinyoyi da ɗuwawu, ko ka tsuguna kamar mai gyara takalmi. Matse tsoka yana tura jini sama.

A ɗaga gado ta wajen kai da santimita 15 zuwa 20, da bulo a ƙarƙashin ƙafafunsa biyu. Tara matasai ba ya yin wannan aiki, jikin duka ake so ya karkata. Amfaninsa rage fitsarin dare da hawan jinin kwance. Safar matsi sai ta kai ƙugu take aiki sosai, ga ta da zafi, shi ya sa ɗamarar ciki ta fi dacewa da yanayinmu. A ɗaura kafin a tashi, a kwance idan za a kwanta. Malmalar tuwo babba da rana takan janye jini zuwa hanji, tsoho ya miƙe ya faɗi, gara a ci kaɗan-kaɗan. Wanka da ruwa mai zafi sosai ma haka.

Salla da azumi fa?

Ɗagowa daga ruku'u da miƙewa daga sujada su ne inda aka fi jin jirin, sai doguwar tsayuwar tarawihi da tahajjud. A ɗago da natsuwa, a tsaya a gefen sahu kusa da bango. Addini ya riga ya ba da sauƙi: a hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Wanda ya san tsayuwa na kayar da shi ya zauna tun kafin ta kayar.

Azumi ya danganta da tsananin ciwon. Mai ɗan jiri yakan iya, in ya rarraba ruwansa tsakanin buɗa-baki da sahur, ya jinkirta sahur, ya guji rana. Mai suma akai-akai, ko mai shan maganin da dole sai da rana, ya zauna da likitansa tun cikin Sha'aban, sannan ya kai wa malami bayanin. Maniyyaci ma ya yi wannan shiri kafin tafiya Saudiyya.

Akwai ƙwaya?

Akwai, amma bayan an gyara abubuwan da ke sama. Midodrine tana tsuke hanyoyin jini, ana shanta sau uku da rana, ta ƙarshe aƙalla awa 4 kafin kwanciya, in ba haka ba jini ya hau da dare. Takan sa ƙaiƙayin fatar kai da tashin tsigar jiki. Fludrocortisone tana sa ƙoda riƙe gishiri da ruwa, tana iya kawo kumburi da zubar sinadarin potassium, don haka sai da gwajin jini lokaci-lokaci. Droxidopa, da Amurka ta amince da ita a 2014, ta masu lalacewar jijiyoyi ce, ga tsada ga wuyar samu. Ga POTS ana gwada propranolol kaɗan, ko ivabradine, ko pyridostigmine. Duk wanda aka ɗora a kan ɗaya daga cikinsu ya ci gaba da awon kwance da tsaye, ya ƙara da awo ɗaya kafin barci.

Ƙarin ruwa ta jijiya yana sa a ji daɗi na kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa wasu suke mayar da shi al'ada a kemis. Wanda zai iya sha da baki ba ya buƙatarsa, kuma yawan huda jijiya na da nasa haɗarin.

Ana warkewa?

Wanda magani ko rashin ruwa ko ƙarancin jini ya jawo masa yakan warke sarai da an gyara dalilin. Suman tsayuwa yakan ragu idan mutum ya koyi alamunsa. Masu POTS da yawa suna samun sauƙi, musamman matasa, kuma motsa jiki na cikin abin da ya fi taimaka musu, sai dai ba a fara shi a tsaye. A fara a kwance ko a zaune: ɗaga ƙafafu, tuƙa keke a iska, keken motsa jiki mai majingini, 'yan mintuna kaɗan, ana ƙarawa mako-mako har wata 3 ko fiye. Makonnin farko jiki yakan ƙara yin nauyi kafin ya saki. Wanda kuma ya lura kowane ɗan aiki na kwantar da shi kwana biyu ko uku, kamar yadda ake gani ga wasu bayan korona, ya sanar da likita kafin ya matsa wa kansa. Lalacewar jijiyoyi ta ciwon sukari ko Parkinson ba ta komawa, ana lallaɓa ta ne, kuma riƙe sukari daidai yana rage saurin ci gabanta.